Daga Kwanon Gwaji Zuwa Kwanon Tuwo Akwai Tafiya

Sau uku aka turo mini rubutun wani Malam a cikin mako guda. Ƙanwata ce ta fara, sai wani abokin aikina, sai kuma gwaggona wadda ba ta yi boko ba. Jikarta ce ta karanta mata, ita kuma ta ce a tambayo ni ko gaskiya ne cokali ɗaya na kurkum da sassafe yana hana sankara. Saƙon gwaggo ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da rubutun ya tsaya a hannun 'yan boko masu sha'awar labarin kimiyya, da na karanta na wuce abina. Amma maganar da ta shiga ɗakin tsohuwa ta tashi daga labari, ta koma abin da za a yi aiki da shi gobe da safe.

Ga wanda bai gani ba, Malam ya ce masana sun gano cewa kurkum da koren shayi da waken suya da dangin kabeji suna ɗauke da sinadarai masu taɓa ƙwayoyin gado, suna buɗe waɗanda ke tsare jiki daga sankara bayan cutar ta rufe su. Daga nan ya yanke hukunci cewa duk wanda ya lizimci waɗannan tsirrai, ya haɗa da zogale, ya datse wa cutar ƙofa. Ya ƙara da cewa kakanninmu sun san wannan tun da, yanzu ne Bature ya farga.

Ban zo in ƙaryata Malam a kan rabin farko ba. Ya yi karatu, kuma abin da ya karanta yana nan a rubuce. Rigimata da shi a kan tsallen da ya yi ne daga rabin farko zuwa na biyu.

Yadda ake rufe ƙwayoyin gado da buɗe su, Malam ya ambaci sunansa da Turanci ya wuce, alhali duk maganar a kansa ta ratayu. Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da dogon rubutun nan da ake kira DNA, mai baƙaƙe huɗu kacal: A da C da G da T. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san bambancin babbaƙu da farfaru. Baƙi yana nan yadda yake, wasalin da aka ɗora masa ne ke faɗin yadda za a karanta shi. To jiki ma yana da nasa wasalin. Wani ɗan mitsitsin sinadari ne da ake kira metil, wanda ake liƙa wa baƙin C, galibi a inda G ke biye da shi. Idan waɗannan alamomi suka taru a bakin wata ƙwayar gado, sai ta yi shiru, kamar baƙin da aka sa wa ɗauri. Wannan na cikin hanyoyin da ƙwayar hanta ke zama hanta, ta ido ta zama ido, alhali rubutu ɗaya ne a cikinsu.

A nan Malam ya fara zamewa. Ya nuna alamomin nan kamar dauɗa ce da ake wankewa, wanda ya fi wanki shi ya fi lafiya. Ba haka abin yake ba. Tun a 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin sankara suna da ƙarancin metil idan aka gwada su da lafiyayyun ƙwayoyin da ke kusa da su. Daga baya aka gano ɗaya fuskar: a daidai lokacin da alamomin ke gogewa a mafi yawan rubutun, suna cunkushewa a bakin wasu ƙwayoyin gado masu gadin jiki, irin su p16 da MLH1 da BRCA1, suna rufe musu baki. Ƙwayar sankara allo ne da aka goge wasali a inda ya kamata ya zauna, aka jibga shi a inda bai kamata ba. Wanda zai gyara irin wannan allo sai ya iya karatu. Sinadarin da ke cikin kofin shayi bai iya karatu ba, bai san layin da za a goge da wanda za a bari ba.

Akwai ma magungunan asibiti da aikinsu ke nan, hana liƙa metil. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da azacitidine a 2004, da decitabine a 2006, domin wata cuta ta ɓargo da ke iya rikiɗewa ta zama sankarar jini. Likita ne ke bayarwa, ana auna jinin majiyyaci a kai a kai, domin suna kassara ƙwayoyin jini masu lafiya tare da masu cutar. Ga tambayata ga Malam: in kurkum yana da ƙarfin goge alamomin nan yadda ya faɗa, me ya sa yake ganin gwaggona za ta sha kullum ba tare da an duba jininta ba? In kuwa sanyinsa ya kai a sha kullum lafiya lau, to daga ina ƙarfin zai fito? Sai ya zaɓi ɗaya.

Cewa abinci yana taɓa waɗannan alamomi, wannan babu ja. A 2003 Robert Waterland da Randy Jirtle na Jami'ar Duke suka ɗauki wasu ɓeraye da ake kira aguti, masu rawayen gashi, masu ƙiba, waɗanda ciwon suga da ƙari ke saurin kamawa. Suka ƙara wa iyaye mata folik asid da bitamin B12 da wasu sinadarai biyu masu samar da metil, kafin su ɗauki ciki da kuma lokacin goyon cikin. 'Ya'yan da aka haifa da yawansu suka fito da gashi ruwan ƙasa. Rubutun gado bai canza ba, wasali ne ya canza. Wanda ya fi burge ni ma a nan Afirka ta Yamma aka yi shi, a ƙauyukan da ke kewaye da Keneba a Gambiya, inda abin da mutane ke ci da damina ya sha bamban da na rani, kamar dai ƙauyukanmu idan rumbu ya yi ƙasa ana jiran kaka. Masu bincike suka gano cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina suna da metil fiye da na rani a wasu wurare na rubutunsu, kuma bambancin yana tafiya tare da sinadaran da ke jinin uwa a lokacin ɗaukar ciki. An wallafa wannan a 2010 da 2014.

Amma a lura da abin da waɗannan binciken suka nuna. Magana ce ta kwanakin farko na ɗan tayi, lokacin da ake ɗora wa allo wasali karon farko. Kuma magana ce ta ƙara metil, wato kishiyar abin da Malam ke yabo. Babu ɗaya a cikinsu da ya ce mace mai shekara sittin za ta sake wa kanta wasali da cokalin gari.

Abin da Malam ya fi dogara a kai shi ne binciken koren shayi. Gaskiya ne a 2003 masu bincike a Jami'ar Rutgers sun zuba sinadarin EGCG na koren shayi a kan ƙwayoyin sankarar maƙoshi da aka raina a kwanon gwaji, sai wasu ƙwayoyin gadon da aka rufe, har da p16, suka sake buɗewa. Aiki ne mai kyau. Sai dai a kwanon gwaji babu tumbi, babu hanji, babu hanta. Ana zuba sinadarin kai tsaye, ƙwayoyin su kwana a cikinsa kwana da kwanaki. A jikin mutum kuwa, kaɗan ne ke tsallake hanji, wanda ya tsallake hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar cikin sa'o'i. Abin da ake samu a jinin wanda ya sha shayi yakan gaza abin da ake zubawa a kwano sau goma ko fiye.

Na kurkum ya fi wannan ban dariya. Sinadarin da ake ta yabo, kurkumin, bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin da ake sayarwa a kasuwa ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2006, an ba mutum 24 tsantsar sinadarin, daga rabin giram har giram 12. Duk waɗanda suka sha giram 8 zuwa ƙasa, ba a ga alamarsa a jininsu ba. Mutum biyu kawai aka ga ɗan ɓurɓushi, su ma cikin waɗanda suka sha giram 10 da 12. Mai karatu ya lissafa da kansa: kafin a samu giram 8 na tsantsar, sai an haɗiye wajen rubu'in kilo na gari. Na taɓa tsayawa gaban mai kayan yaji na ce ya auna mini rubu'in kilo don in gani da idona. Ya cika leda, yatsunsa suka yi rawaya har farce, ya dube ni ya ce ko biki za a yi. Malam kuwa cokali ɗaya ya ce.

Wani zai ce to ai sankarar hanji fa, tunda a can kurkum ke wucewa, ba sai ya shiga jini ba. An gwada wannan ma. Akwai wata cutar gado da ke sa tsiro ya yi ta fitowa a hanji, wanda in an bar shi yake zama sankara. An ɗauki masu wannan cuta 44, aka ba wasu giram 3 na kurkumin kullum, wasu aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki, har shekara guda. Sakamakon ya fito a 2018: babu bambanci a yawan tsiron ko girmansa.

Abin da ya fi damuna shi ne Malam bai ba masu karatunsa labarin bita-karotin ba, domin an taɓa bin wannan hanya tasa, kuma an san inda ta ɓulle. Shekaru da dama masana suna lura cewa masu yawan cin karas da ganye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba. Aka auna jininsu aka ga bita-karotin da yawa, sinadarin da ke ba karas launinsa. A kwanon gwaji ma ya nuna alheri. Komai ya yi daidai, har ya fi hujjar kurkum ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai aka ce a gwada. A ƙasar Finlan aka ɗauki maza mashaya taba 29,133, aka bi su shekaru. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda aka ba bita-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka ana wani gwajin makamancinsa da mutum fiye da 18,000, aka dakatar da shi a farkon 1996 tun wa'adi bai cika ba, saboda ƙarin ya kai kashi 28. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba mugaye ne suka shirya gwajin ba, mutane ne masu kyakkyawar niyya irin ta Malam, bambancinsu da shi kawai sun tsaya sun ƙirga.

Folik asid ya fi kusa da batunmu, domin shi ne ke cikin masu samar wa jiki metil ɗin da ake liƙawa. Aka ɗauki mutum 1,021 da aka taɓa cire wa tsiro a hanji, aka ba rabinsu miligiram ɗaya kullum. Rahoton 2007 ya nuna tsiron bai ragu ba, har ma aka ga alamar masu shan sun fi samun tsiro uku ko fiye. Kada wata mai ciki ta karanta wannan ta ajiye ƙwayar da aka ba ta a wurin awo. Folik asid ɗin nan yana kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ta ƙwaƙwalwa, wannan tabbatacce ne. Sinadari ɗaya ne, ga ɗan tayi garkuwa, ga dattijon da tsiro ya riga ya fara a hanjinsa kuma wata magana ce daban.

Sannan zancen cewa abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa, duk wanda ya san tunfafiya da zaƙami ya san ba haka ba ne. Shan koren shayi a kofi babu laifi. Amma a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin tsantsar koren shayi, idan EGCG ya kai miligiram 800 a rana, suna iya taɓa hanta. Kuma wani bincike na 2009 ya nuna, a kwanon gwaji da jikin ɓeraye, cewa wannan sinadari yana toshe aikin bortezomib, maganin wata sankarar ɓargo. Tunda Malam ya yarda da hujjar kwano idan ta zo da daɗi, sai ya karɓi wannan ma.

Na san Malam zai ce shi rigakafi ya faɗa, bai ce magani ba. Haka ya rubuta, na yarda. Amma ba haka ake karantawa ba. Akwai wata maƙwabciyarmu, mai sana'ar ɗinki, da ta ji ɗan ƙulli a nononta, kamar ƙwayar gurjiya. Ba ya ciwo. Ta faɗa wa matata a ɓoye, matata ta ce ta je asibiti, ta ce tana tsoron a ce za a yanke. Sai ta kama garin zogale da kurkum da zuma, kullum safe da yamma, a wani kofin silba da har ya rine. Duk sanda aka tambaye ta sai ta ce da sauƙi. Wata goma sha ɗaya ana haka. Ranar da aka kai ta asibiti, hannun ya kumbura ba ya shiga riga, kuma ɗakin sai an kunna turare. Likitar da ta duba ta ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: yaushe kika fara ji? Da aka faɗa mata sai ta yi shiru ta ci gaba da rubutu. Ba rubutun Malam ta karanta ba, wannan ya faru kafin nasa. Irinsa ta ji, a bakin wani mai lasifika. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi sawun irin waɗannan majiyyata a Amurka, waɗanda suka ajiye maganin asibiti suka riƙi na gargajiya kaɗai, suka wallafa a 2018 cewa haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, na masu sankarar mama kuwa fiye da sau biyar. Mai lasifika a da yana cewa sirri ne daga daji. Yanzu rubutu irin na Malam ya ba shi sabon kirari, zai ce kimiyya ta tabbatar.

Batun kakanni ba zan daɗe a kansa ba. Sun ci zogale da rama da kuka fiye da mu, Allah ya jiƙansu, kuma su ne suka raɗa wa cutar suna sankara da ciwon daji. Ba a raɗa wa abin da babu suna. Zogale abinci ne mai kyau, yana ma ɗauke da wani sinadari ɗan'uwan sulforafen na burokoli, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa suka fito da amfaninsa a 1992, shi ya sa masana ke sha'awarsa. Amma Malam bai kawo gwaji ko ɗaya da aka yi da mutane aka ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira ba. Hujjar da ta fi ƙarfi game da abinci ba ta tsantsar sinadari ba ce, ta hatsin da ba a cire wa dusa ba ce da abinci mai harza, waɗanda ake ganin suna rage sankarar hanji. Wato wake da gero da ganye a kwano, yadda aka saba.

Da Malam yana son rubutu a kan abinci da sankara a ƙasarmu, ga babban labari a gabansa bai duba ba. Gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi suna yin funfuna mai fitar da dafin afalatoksin, wanda hukumar binciken sankara ta duniya ta sa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara. Shi wannan ba wasali yake taɓawa ba, baƙin kansa yake canzawa. Tun 1991 aka gano a sankarar hanta ta yankin Qidong na ƙasar Sin da ta kudancin Afirka cewa yana mayar da G ta koma T a wani takamaiman wuri na ƙwayar gado mai suna p53, babbar mai gadin jiki. Idan ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkawa yake yi. A Qidong ɗin, da mutane suka bar dogaro da masara suka koma shinkafa daga shekarun 1980, dafin ya ragu a jininsu, mace-macen sankarar hanta ma suka ragu. Mu kuwa gyaɗar da aka tsince aka ware, mai ɗaci, mai yamushewa, ita ce ake sayarwa da araha a yi ƙuli da mai, ko a bar wa yara.

Ga allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariri ranar haihuwa. Ga rigakafin sankarar bakin mahaifa da Nijeriya ta shigar cikin jerin alluranta a watan Oktoba na 2023, kyauta, ga 'yan mata daga shekara 9 zuwa 14. Ga tsargiya da yaranmu ke ɗauka a kududdufi, wadda in ta daɗe take kai wa ga sankarar mafitsara. Ga taba, wadda in Malam yana son zancen metil, tana cikin abubuwan da suka fi barin tabo bayyananne a alamomin nan: ana iya duba wani wuri da ake kira AHRR a jinin mutum a gane mashayi ne, kuma tabon yakan fara komawa idan ya daina. Ko ɗaya cikin waɗannan bai samu layi guda a rubutun Malam ba. Na fahimci dalili, babu mai tura wa ƙanwarsa labarin shanya gyaɗa.

Na kira gwaggo da kaina. Na ce ta ci gaba da zuba kurkum a miya in tana so, yana gyara launi, kuma ba zan raba ta da kwaɗon zogalenta ba. Na ce gyaɗar da ta ji ɗacinta ta tofar, wadda ta ga ta yi kore-kore ta zubar, kada a ba kaji ma. Na tambaye ta shekarun jikar nan da ta karanta mata rubutun, ta ce goma sha biyu. Na ce an yi mata allurar da ake yi wa 'yan mata a makaranta? Ta ce uban ya hana, wai ya ji an ce tana hana haihuwa. Na ce a ina ya ji? Ta ce a waya aka turo masa.